Ai a Zaune Take Aiki

A makon farko na dokar kulle ne kamfanin da Maman Lele take wa aiki ya aiko mata da kujera. Kamfanin kai kaya gida-gida ne, ita kuma aikinta amsa wayar masu saye da shigar da ƙorafinsu a kwamfuta. Da annoba ta rufe gari aka ce kowa ya yi aiki daga gida, sai aka bi ma'aikata da kujera mai juyawa, mai tudu a daidai ƙugu, da na'urar kunne mai makirfo, don hannu biyu su samu sararin bugawa.

Wani mai takunkumi a fuska ne ya hauro da ita bene, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ja da baya. Ta goge ta tas da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta turo ta falo. Mijinta ya taso ya zagaya kujerar, ya zauna, ya juya dama ya juya hagu.

"Kai! Mutanen nan naku sun san daɗi," ya ce. "Bari in ɗan ara zuwa a gama taron safe. Kin ga ni a kyamara ake ganina, ba zai yi fasali manaja ya gan ni a kan kujerar roba ba."

"To Baban Lele, ni fa?"

"Ke ai murya kawai ake ji. Wa zai gan ki?"

Aron da ba a mayar ba ke nan.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, a hawa na uku. Tebur ɗaya ne, na cin abinci, shi ma ya bi kujerar ya zama ofishin maigida. Ɗaki na biyu Hajiya ce a ciki, mahaifiyar mijin, wadda aka ɗauko ana gobe za a rufe hanya don kada ta zauna ita kaɗai da hawan jininta. Auta, ƙanin mijin, an rufe musu jami'a, ya tare a doguwar kujerar falo. Mai aikin da ke zuwa shara da wanke-wanke an sallame ta, domin Hajiya ta ce ba a san gidajen da take shiga ba. Babu wanda ya tambayi wa zai ɗauki aikin da ta bari. Kowa ya sani.

Maman Lele ta nemi wuri a uwar ɗaki. Ta kifa kwandon wanki a ƙasa, ta ɗora kwamfutar a kai, ta zauna ta naɗe ƙafa, ta sunkuyar da kai kamar mai tsintar shinkafa. Haka take wuni. A da takan taka zuwa bakin titi ta hau mota, ta hau matakalar ofis, ta miƙe ta je shan ruwa, ta yi hira a tsaye da abokan aiki. Yanzu tafiyarta mafi nisa ita ce daga kwandon zuwa kicin.

Ba a jima ba Auta ya leƙo.

"Matar Yaya, don Allah ara mini abin kunnen nan naki. Lakca za mu yi, kukan Lele ba ya barina in ji."

"Auta, da shi nake aiki fa."

Daga ɗaya ɗakin muryar Hajiya ta taso: "Ba shi mana, Amarya! Karatu ai ya fi surutu a waya."

Ta cire ta miƙa masa. Daga ranar sai ta koma maƙale waya tsakanin kafaɗa da kunne, wuya a karkace, yatsu na gudu a kan kwamfuta. Ga shi duk garin ya koma sayayya ta waya, kira na katsewa wani na shigowa. Wannan kayansa bai iso ba, wancan an kawo masa a fashe, wata ta zage ta tas saboda madarar jariri. Tana ba su haƙuri da murya mai daɗi, kanta a kwance a kan kafaɗa.

Lele kuwa ta fara tafiya ke nan, ba ta san taro ba, ba ta san manaja ba. Da zarar ta doshi falo sai uban ya rufe makirfo ya ɗaga murya: "Ki zo ki ɗauke yarinyar nan, ina taro!" Sai uwar ta goya ta, ta durƙusa a gaban kwandon, ta ci gaba da aiki da nauyin 'ya a baya. In lokacin hutun rana ya yi, abokan aikinta na miƙe ƙafa, ita tana tsaye a kicin tana dafa abincin mutum biyar, na Hajiya daban don ba ta cin gishiri. Da yamma ga wanki a banɗaki, a duƙe, domin tun da annobar ta zo Hajiya ta kafa dokar duk tufar da ta taɓa ƙofar waje sai an wanke ta a ranar.

Wata safiya ta farka ta kasa juya wuya. Sai ta juyo da dukan jikinta kafin ta kalli mijinta.

"Baban Lele, wuyana ya ƙage."

"Kwanciya kika yi ba daidai ba," ya ce, idonsa a kan waya. "Ki canza filo. An ɗora shayi?"

Ta canza filo. Ciwon bai canza ba. Ya zauna a gindin wuya kamar an kafa ƙusa, ya bi ta tsakanin kafaɗu, da yamma kuma ƙugu ya amsa. Da ta zo yin ruku'u sai ta ji kamar an soka mata allura, ta koma salla a zaune. Hajiya ta shigo ta gan ta.

"Ikon Allah! Ni da na haife ku ina tsayuwa, ke yarinya ɗanya kina salla a zaune?"

"Bayana ne, Hajiya. Da wuyana."

"Bayan me? Mu da muka haifi bakwai, muka ɗebo ruwa a ka, muka yi wanki da hannu, ba mu san ciwon baya ba. Ke da a zaune kike aiki, fanka na kaɗa ki? 'Ya'yan yanzu dai jikinku kamar na ƙwai."

Maman Lele ta ce, "Haka ne, Hajiya." Me za ta ce?

Ta bari sai ranar da ta ga mijin cikin fara'a, ya ci ya ƙoshi, yana juyi a kan kujerar. Ta tsaya a gefensa ta sassauta murya.

"Da za ka bar mini kujerar nan ko da rabin wuni ne. In ka gama taro in zauna. Wallahi zaman ƙasan nan yana kashe ni."

Fara'ar ta ɗauke. "Yanzu a kan kujera za mu fara 'yar rabo? Kin san halin da ake ciki kuwa? Ana ta sallamar mutane a wajenmu. In aka kira ni ba zato aka gan ni a hargitse fa? Ni ma bayan nan nawa ba lafiya gare shi ba, kawai dai ni ba mai yawan ƙorafi ba ne."

"To ko a tebur ne, in zauna a ɗaya gefen."

"Da wannan wayar taki da ba ta shiru? Haba, ki riƙa tunani mana. Kwana nawa ne za a buɗe gari? Ki yi haƙuri."

Ta yi haƙuri. Aka ƙara wa'adin kulle, ta ƙara haƙuri.

Ciwon ya gaji da zama a wuya, ya gangaro hannun dama. Da farko kamar tafiyar kiyashi, daga baya kamar wutar lantarki, daga kafaɗa har babban yatsa. Wani lokaci tana cikin bugawa sai yatsun su mutu, ta duba ta ga ta rubuta shirme. Cokali ya fara suɓuce mata. Maɓallin rigar Lele ya zama aiki.

"Ina so in ga likita," ta ce wa mijin.

Ya zaro ido. "Asibiti? A wannan marrar? Ki je ki kwaso mana cuta ki kawo wa Hajiya? In wani abu ya same ta me za ki ce wa mutane?"

"To a waya fa? Ana ganin likita a waya yanzu."

"Me zai ce miki da ya wuce ki sha farasitamol? Ga shi can a durowa. Auta, in ka sauka ka sayo mata man zafi."

Auta ya sauka, ya dawo da lemon kwalba da katin waya. Ya dafa kai. "Kash! Na manta, Matar Yaya. Gobe in sha Allahu."

Rannan shugabar sashensu ta kira ta. Mace ce mai kirki amma mai bin ƙa'ida.

"Me ke faruwa ne? Ke ce ba a taɓa kama ki da kuskure ba, yanzu ga adireshi a juye, ga lambobi a cakuɗe. Kuma masu saye na cewa muryarki na nisa. Kina amfani da na'urar kunnen da muka aiko kuwa?"

Maman Lele ta dubi ƙofa. Tana jiyo dariyar Auta a falo, yana wasan ƙwallo a waya da na'urar a kansa.

"Ina amfani da ita, ranki ya daɗe."

"Kujerar fa? Ta yi miki daidai?"

"Ta yi daidai. Na gode."

Ta ajiye wayar ta kifa kai a bakin gado. Rufin asirin gida, haka aka koya mata. Ba a taɓa gaya mata cewa wani rufin da ƙashin bayan mutum ake yin sa ba.

Daga ƙarshe aka buɗe gari. Motoci suka dawo titi, shaguna suka ɗaga ƙofa. Ta yi murna kamar fursunan da ya ji ƙarar mabuɗi. Sai ga sanarwa daga kamfani: an ga aiki daga gida ya fi sauƙi, an saki ginin ofis, masu amsa waya su ci gaba a inda suke.

Mijin ya koma ofis. Kafin ta kai ga kujerar Auta ya riga ta.

"Jarrabawa ta matso, Matar Yaya. A waya za mu rubuta. Da na gama taki ce."

"Bar shi ya yi karatunsa," in ji Hajiya. "Ke ai kin saba da wurinki."

Hajiya ma ba ta koma gidanta ba, ta ce ta saba da jikarta. Da Maman Lele ta kawo maganar a dawo da mai aiki, mijin na ɗaura agogo yana shirin fita.

"Mai aiki kuma ta me, alhali kina gida? A da dai kina fita, na yarda. Yanzu fa? Mutane ma sai su yi mana dariya."

"Ina gida, amma aiki nake yi."

"To wa ya ce ba kya yi? Ni dai na makara."

Annoba ta tafi da uzurinta, amma babu abin da ya koma wurinsa. Asibitin ma da aka ce ana tsoron cuta, yanzu sai aka ce a bari ƙarshen mako, ƙarshen mako ya zo aka ce akwai baƙi, baƙin kuma ita ta dafa musu.

Wata rana da azahar tana kicin, waya a maƙale a kafaɗa, wani mutum na zazzaga mata masifa a kan firijin da aka kawo masa a lotse. Ta kama tukunyar shinkafa za ta tsiyaye ruwan. Hannun dama ya saki, haka kawai, kamar ba nata ba. Tukunyar ta kife. Lele na tsaye a bakin ƙofa, tafasasshen ruwan ya malala ya cim ma ƙafarta.

Ƙarar yarinyar ta tara gidan. Hajiya ta fito tana salati.

"Kin kashe mini jika! Wannan wace irin uwa ce? Hankalinki na kan waya, 'yarki na ƙonewa!"

Maman Lele ta duƙa za ta ɗauki 'yarta, bayan ya riƙe, ta zube a gwiwa cikin ruwan zafin. Auta ne ya ɗauki Lele. Aka kira uban, kafin a ce me ya iso. A ranar babu wanda ya tuna ƙarshen mako. Cikin ɗan lokaci suna asibiti.

Ƙunar ba ta yi zurfi ba, aka wanke aka naɗe. Likitar da ta duba yarinyar ta ce wa uwar ta riƙe ƙafar ta ga yadda ake canza bandeji. Ta lura da yadda matar ta tallafo hannun dama da na hagu, da yadda take juyowa gaba ɗaya in an yi mata magana.

"Baiwar Allah, matse mini yatsuna."

Ta matse. Likitar ta dube ta.

"Iya ƙarfinki ke nan?"

Aka tura ta hoto. Bayan 'yan kwanaki suka zauna gaban likitan ƙashi, wani dattijo mai magana a hankali. Ya nuna musu hoton a allo. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ya goce ya danne jijiyar da ke zuwa hannu. Akwai wani kuma a ƙugu da ya kama hanya.

"Tun yaushe take jin wannan ciwon?"

"Kwanan nan ne ta fara ƙorafi, likita," mijin ya yi saurin cewa.

Likitan bai kalle shi ba. "Ke nake tambaya."

"Tun farkon kulle," ta ce.

Ya ɗauki hannunta ya juya tafin, ya nuna inda naman gindin babban yatsa ya zaizaye ya yi rami. "Wannan ba aikin kwanan nan ba ne. Tun da aka buɗe gari nake ganin masu ciwon wuya da baya, masu aiki a kan gado, masu aiki a ƙasa. Yawancinsu gyaran zama da motsa jiki ya ishe su, don sun zo da wuri. Ke kin daɗe. Za mu iya yin tiyata mu ɗage abin da ya danne jijiyar, ciwon zai ragu. Amma ƙarfin hannun, ba zan yi miki alkawari ba. Daga yau babu goyo, babu duƙawa, babu ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi."

A mota, da suka tsaya a danja, mijin ya buga sitiyari.

"Kin sa mutumin nan yana kallona kamar wani azzalumi. Ke ma ai da laifinki. In abu ya yi tsanani haka ai sai ki faɗa."

"Na faɗa."

"Ba ki faɗa da ƙarfi ba. Kullum kina tsaye kina girki, ta yaya mutum zai sani?"

Ta so ta juya ta kalle shi. Abin tallafar wuya da likita ya ɗaura mata bai bari ba. Ta ci gaba da kallon titi.

Aka yi tiyata. Ciwon ya ragu kamar yadda likita ya ce, hannun kuma bai dawo ba, kamar yadda ya ce. Kamfani ya ba ta hutu, hutu ya ƙare, ta gwada bugawa da hannun hagu, layin masu jira ya yi tsawo. Shugabar sashen ta kira ta da kanta, muryarta a sanyaye, ta ce ta yi iya ƙoƙarinta amma na sama sun yanke hukuncin sallamarta. Ta yi mata addu'ar samun lafiya.

Gida kuwa ya rikice tun tana gadon asibiti. Kwanuka suka taru, wanki ya yi tsiri, abincin Hajiya ya zo da gishiri. Ba a yi shawara da kowa ba, ba a ji tsoron dariyar mutane ba, mijin ya samo mai aiki, wata ƙaƙƙarfar mata mai faɗin kafaɗa. Ta yi 'yan kwanaki, rannan da hantsi ta ajiye tsintsiya ta ɗauki jakarta.

"Maigida, ka yi haƙuri, ni na gaji. Girki kashi biyu, ga wanki, ga goyo, ga hawa bene da kaya. Bayana ya fara ciwo. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne."

Maman Lele na kwance a kan shimfiɗa a ƙasan ɗaki, don likita ya hana ta katifa mai laushi. Ƙofa a buɗe take, tana jin komai. Ta jira ta ji an ce kwanciya ce ba daidai ba. Ta jira ta ji labarin masu haihuwa bakwai.

"Subhanallah, bayanki?" in ji mijin. "A'a, kada ki cutar da kanki. Zauna ki huta tukuna. Hajiya, gaskiyarta ne fa, aikin gidan nan da yawa. Za mu samo wata ta riƙa taya ta."

"Gara dai," Hajiya ta ce. "Kada ta tafi ta bar mu. Auta, kawo mata ruwan sanyi."

Kafin mako ya zagayo masu aiki biyu ne a gidan.

Ciwon bayan mai aiki an ji shi tun a faɗa ta farko, domin tana da jaka kuma ta san hanyar ƙofa. Na matar gida an yi ta jin sa har ya zama kamar ƙarar fanka, domin an tabbata ko ta yi kuka za ta tashi ta ɗora tukunya. Babu wanda ya zage ta a gidan nan, babu wanda ya ɗaga mata hannu. Kowa ɗan abu kaɗan ya ɗauka, kowa da dalilinsa mai kyau, kuma har gobe in ka tambaye su za su rantse ba su yi mata komai ba. Irin wannan zalunci ba shi da tabo, ba shi da mai shaida, ba a kai shi ƙara ko'ina.

Da la'asar wata maƙwabciya ta hauro dubiya. Hajiya ta tare ta a falo, ta ba ta labarin tun daga farko: ƙaddara ce, ciwo ne na zamani, kuma yaron nan ya yi ƙoƙari, ba kowane miji ne zai tsaya wa mace haka ba. Maƙwabciyar ta yi ta gyaɗa kai tana sa masa albarka. Sannan ta leƙa ɗakin.

"Sannu, Maman Lele. Ya jikin?"

Tana kwance rigingine, idonta a kan silin, hannun dama a ajiye a gefenta kamar kayan wani. Ta buɗe baki, ta jiyo Hajiya ta yi shiru a falo tana saurare.

"Da sauƙi," ta ce. "Alhamdu lillahi."

"Madalla. Ai kin yi dace da mutanen kirki."

Maƙwabciyar ta ja mata ƙofa a hankali don kada a dame ta, ta koma falo aka ci gaba da hira.